Titin Wendover: Zaman Baƙi A Garin Da Masaƙunsa Suka Mutu

Idan aka ce wani ɗan'uwa ya tafi Amurka neman arziki, garin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne Niyu Yok, ko kuwa Washington. Amma da za ku tambayi mutumin Yamai ko na Doso ko na Maraɗi inda nasu suke a can, sau da yawa za ku ji ya ambaci wani gari wanda ba kasafai sunansa kan fito cikin labarun duniya ba, watau Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa. Gari ne matsakaici, ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanensa 299,035 ne, amma yana cikin wuraren da 'yan Jamhuriyar Nijar, Zabarmawa da Hausawa, suka fi taruwa a duk faɗin Amurka. A jawabinmu na yau za mu bi titi guda ɗaya na wannan gari, wanda ake kira Wendover, daga yammacinsa zuwa gabashinsa, domin a bakinsa ne ake iya ganin yadda garin ya sāke, da kuma abin da ya kamata baƙo ya sani idan yana so zamansa ya yi albarka.

Titin Wendover ya taso ne daga garin High Point da ke maƙwabtaka, ya ƙetare babbar hanyar mota mai lamba 40, ya bi ta arewa da tsakiyar Greensboro, sa'an nan ya fice gabas ya nufi Burlington. Yammacinsa cike yake da manyan kantuna da filayen dillalan motoci. Tsakiyarsa shimfiɗaɗɗiyar hanya ce mai gadoji, wadda ke wucewa kusa da babban asibiti da tsofaffin masaƙu. Gabashinsa kuwa ya ratsa unguwannin da baƙar fata suka daɗe da zama, inda haya ta fi sauƙi, inda kuma ofishin lafiya na gunduma da kwalejin koyon sana'a suke. A taƙaice, yamma wurin kashe kuɗi ne, gabas kuwa wurin da mutum zai gyara kansa. Yawancin baƙi sukan san yamma tun makonsu na farko, amma wani sai ya shekara biyar bai taka ƙofar kwalejin da ke gabas ba.

Kafin mu kama hanya, ya kyautu mu san abin da ya gina garin. An kafa Greensboro a 1808, aka sa masa sunan Janar Nathanael Greene, wanda ya gwabza da sojan Ingila kusa da wurin a ran 15 ga Maris, 1781. Hanyoyin jirgin ƙasa da suka haɗu a cikinsa su ne suka jawo masu jari, cikinsu har da wasu 'yan'uwa biyu, Moses da Ceasar Cone, waɗanda suka buɗe masaƙar Proximity a 1896, da ta White Oak a 1905. Abin da suke saƙawa shi ne yadin nan mai kauri da ake ɗinka wandon jins da shi, mai launin shuni irin wanda muka sani a marinar Ƙofar Mata ta Kano, ko da yake nasu rinin na sinadari ne. Tun daga 1915 kamfanin Levi Strauss ya riƙa sayen yadinsa a White Oak. Kamfanin ya gina wa ma'aikata gidaje da makarantu da kantuna, har ya zama ɗa yakan gaji uba a kan injin guda. A High Point kuma sana'ar kujeru da gadaje ce ta riƙe gari, kuma har yanzu ana cin babbar kasuwar kayan ɗaki a can sau biyu a shekara, a watan Afrilu da na Oktoba.

To, sai zamani ya juya. A 1994 aka fara aiki da yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da Kanada da Meziko. A watan Disamba na 2001 ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, a farkon 2005 kuma aka ɗage iyakar da aka sa wa yadin da ƙasashe ke shigarwa kasuwannin Turai da Amurka. Yadin da aka saƙa da lada mai arha ya malalo, masaƙun Karolina suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Cone ya karye a 2003, wasu suka saye shi a 2004, aka ci gaba da saƙa a Meziko da ƙasar Sin. A ƙarshen 2017 aka kashe injunan White Oak bayan shekara 112 suna aiki, ma'aikata wajen 200 da suka rage suka koma gida.

Masu sauraro na Kano da Kaduna ba za su ji wannan labari baƙo ba. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa su ma suka bi sahu, atamfar ƙasar Sin ta cika Kantin Kwari. 'Yan kasuwarmu da yawa suka bi atamfar zuwa tushenta, suka sauka a birnin Guangzhou na kudancin Sin, musamman a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, inda suka kafa gidajen abinci da ofisoshin aika kaya. Shi ma wannan zama bai tabbata ba, domin hukuma ta tsananta kan biza, ga tsadar kaya ta ƙaru, sa'an nan a watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, aka kori 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da masaukai, har jakadun ƙasashenmu suka kai kuka. Abin lura a nan shi ne, iskar da ta kashe masaƙar Kano ita ce ta kashe ta Greensboro, ita ce kuma ta tarwatsa mutanenmu, wasu gabas wasu yamma. Bambancin kawai shi ne, baƙon Guangzhou fatake ne, jakarsa a ɗaure take, shi kuwa na Greensboro ya yi aure ya haifu, 'ya'yansa sun tashi 'yan gari.

Mutanen Nijar sun fara yawa a Greensboro ne cikin shekarun 1990. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. A watan Oktoba na wannan shekara kuma hukumar Niyu Yok ta tashi masu tebur daga titi na 125 a unguwar Harlem, inda 'yan Afirka ta Yamma suke kasa kaya. Garin da haya ke da sauƙi, aikin masana'anta bai ƙare ba tukuna, sanyi kuma bai kai na arewa ba, dole ya ja hankali. Ɗaya ya jawo ɗaya, ƙane ya bi wa, aboki ya bi aboki. Ba su kaɗai ba ne baƙi a garin. Tun 1986 ake saukar da mutanen tsaunukan Biyetnam a nan, daga baya 'yan gudun hijira na Sudan da Kwango da Siriya da wasu ƙasashe suka biyo, har ya zama a makarantun gundumar Guilford ana samun yara masu harsuna fiye da 100. Sai dai 'yan'uwanmu sun iso ne daidai lokacin da tsohon aikin yake shirin mutuwa, saboda haka da yawansu suka ƙare a ɗakunan ajiyar kaya, da tuƙin tasi da manyan motoci, mata kuma a kitso da jinyar tsofaffi.

Yanzu bari mu hau titin daga yamma. Abu na farko da baƙo zai gane shi ne, an gina garin nan ne domin mai mota. Akwai bas-bas na hukuma, waɗanda ke haɗuwa a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar gari, amma tafiyar da mota za ta yi cikin minti 15 takan ci wa mai bas fiye da awa guda, aikin dare kuwa sau da yawa ba ya dacewa da lokacinsu. Don haka lasin tuƙi shi ne takarda ta farko da mutum zai nema, kuma a wannan jiha ba a ba da shi sai an nuna shaidar inshora. Daga nan sai sayen mota, a nan ne kuma da yawa suka faɗa rami. Filayen dillalai a jere suke, motoci suna ƙyalli, ana ce wa mutum ya ba da ɗan abin da ya samu ya tafi da mota yau. Amma a Amurka kowane mutum yana da maki da ake ba shi gwargwadon tarihinsa na biyan bashi, baƙo kuwa ba shi da tarihi, saboda haka shi ake ɗora wa ruwa mafi yawa. Idan ya kasa biya wata biyu ko uku, sai a zo a janye motar, abin da ya zuba ya tafi, makinsa kuma ya lalace, ga shi da wannan maki ne mai gida zai duba shi ranar da ya je neman haya. Shawarar waɗanda suka daɗe ita ce, mutum ya haƙura da tsohuwar mota wadda zai biya kuɗinta lakadan, ya kai ta wurin makaniki ya duba kafin ya biya, kada kuma ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Idan Ingilishinsa bai kai ba, ya tafi da wanda ya iya. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Wasu kuma sun mai da motar kanta sana'a, suna sayen tsofaffi a wurin gwanjo suna aikawa gida ta jirgin ruwa. Da ma ta Kwatano ake saukewa, amma bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli, 2023, iyakar Nijar da Binin ta rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauka ya hau. Wanda zai shiga wannan ciniki ya yi lissafinsa da farashin yau, kada ya yi da labarin ribar da wani ya ci shekara goma da suka wuce.

Idan muka matsa tsakiya za mu iske asibitin Moses Cone, wanda aka buɗe a 1953 da dukiyar masu masaƙa. Wannan asibiti yana da wuri a tarihi, domin a kansa ne wani likitan haƙori baƙar fata, George Simkins, ya kai ƙara, kotu ta yanke hukunci a 1963 cewa asibitin da ya karɓi kuɗin gwamnatin tarayya ba shi da ikon ware marasa lafiya ko likitoci saboda launin fata. Abin da baƙo zai riƙe game da asibitocin Amurka shi ne, dokar 1986 ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda aka kawo cikin matsanancin hali, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi, amma takardar biya takan biyo shi gida daga baya, kuma takan yi nauyi ƙwarai. Saboda haka ba wurin kai mura ko ciwon kai ba ne. Allurar rigakafin yara, da awon ciki, da gwajin tarin fuka, ana samunsu a ofishin lafiya na gunduma da ke Wendover ta gabas, inda akan duba ƙarfin mutum wajen sa masa kuɗi. Kuma mai neman magani yana da damar ya roƙi a kawo masa tafinta.

Arewa kaɗan da nan akwai tsohuwar masaƙar Revolution, wadda ta daina aiki a 1982. Yau an gyara ginin, ya zama gidajen haya masu tsada da ofisoshi da wuraren cin abinci. Wannan alama ce ta yadda garin yake sākewa: wurin da talaka ya yi gumi ya zama wurin hutun mai hali, haya tana hawa, masu ƙaramin ƙarfi suna cunkusuwa a tsofaffin gidaje. A watan Mayu na 2018 gobara ta tashi a wani rukunin gidaje da ke titin Summit, ta hallaka yara biyar 'yan gida ɗaya, 'ya'yan wasu 'yan gudun hijira daga Kwango. Wannan masifa ta girgiza garin, ta kuma sa aka shiga binciken gidajen da ake ba baƙi haya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin mutum ya karɓi mabuɗi, ya gwada murhu da wayoyin lantarki, ya tabbata na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi tana aiki, ya ɗauki hoton duk wata ɓarna da ya tarar, ya kuma riƙa karɓar rasit. Idan mai gida ya ƙi gyara, hukumar gari tana da masu duba gidaje, kai ƙara wurinsu kuwa haƙƙin kowane ɗan haya ne.

Daga nan sai gabas, inda maganar da ta fi muhimmanci take. A bakin titin akwai reshen kwalejin koyon sana'a ta gundumar Guilford, wadda aka kafa a 1958. Ana koyar da manya Ingilishi kyauta, ana shirya wanda bai gama sakandare ba ya sami takardar da ke daidai da ita, a rassan kwalejin kuma ana koyon aikin lantarki, da walda, da gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da jinya, har da gyaran jirgin sama. Dalilin da ya sa wannan ya zama wajibi shi ne, aikin da ya maye gurbin saƙa ba irin na da ba ne. Kamfanin FedEx ya buɗe cibiyar rarraba kaya a filin jirgin saman garin a 2009. Kamfanin Honda yana ƙera ƙananan jiragen sama a wurin, ya fara miƙa su ga masu saye a ƙarshen 2015. A watan Disamba na 2021 kamfanin Toyota ya ba da sanarwar gina masana'antar batirin mota a Liberty, kudu maso gabas da Greensboro, wadda aka ce za ta ci dala miliyan dubu 13 da ɗoriya, ta ɗauki mutum wajen 5,000, ta kuma fara aiki a 2025. A masaƙar da, ƙarfi da haƙuri sun isa. A waɗannan sababbin wurare kuwa, aikin da ke da lada mai kyau yana neman takardar shaida da Ingilishin karanta umarni. Mafi ƙarancin lada a dokar tarayya dala 7 da santi 25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009, kuma ko da yake ɗakunan ajiyar kaya suna biyan fiye da haka, aiki ne da ke cin baya da gwiwa, ba ya kuma ƙaruwa da yawan shekaru.

Mun san uzurin da akan kawo, kuma uzuri ne na gaskiya. Mutumin da ke aiki biyu, ga iyaye a gida suna jiran aike kowane wata, ga biki ga suna ga kuɗin asibiti, ina ya ga lokacin zama a aji? A nan ne 'yan'uwa na gida suke da rawar da za su taka. Idan aka ɗaga wa mutum ƙafa na shekara ɗaya ko biyu ya sami sana'a a hannunsa, abin da zai aiko nan gaba zai fi na yau yawa, zai kuma fi daɗewa. Idan kuwa aka matsa masa, zai ci gaba da aikowa har ranar da bayansa ya ƙi, sa'an nan kowa ya rasa.

Game da addini da abinci, baƙo ba zai sha wuya ba. Akwai masallatai da dama a garin, ɗaya yana titi na 16, ba nisa da tsohuwar masaƙar White Oak, ranar Juma'a kuma za ka ji Hausa da Zabarmanci da Larabci a ƙofarsa. A titin Market ta yamma akwai babban kantin Super G, inda ake samun doya da kuɓewa da manja da busasshen kifi, ban da ƙananan kantunan 'yan Afirka da mahautan halal. Da Babbar Salla mutane kan haɗa kai su tafi gonakin bayan gari su sayi rago a yanka musu a can. Yaran da suka iso ba su jin Ingilishi kuwa, gunduma tana da makaranta ta musamman dominsu, mai sunan Doris Henderson, wadda aka buɗe a 2007. Ingilishi dai ba ya yi wa yaro wuya. Harshen gida ne ke salwanta, domin idan iyaye suka saba amsa wa yaro da Ingilishi, cikin 'yan shekaru sai ya kasa gaida kakarsa ta waya. Maganin wannan yana cikin ɗaki, a bakin uwa da uba.

Akwai wuri ɗaya da ya kamata kowane baƙo ya kai iyalinsa. Kudu da Wendover, a titin Elm, akwai tsohon kantin Woolworth, inda a ran 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata na kwalejin A&T suka zauna a teburin cin abinci da aka keɓe wa Turawa, suka ƙi tashi. Sunayensu Ezell Blair, da Franklin McCain, da Joseph McNeil, da David Richmond. Na farkonsu ya musulunta daga baya, ya koma Jibreel Khazan. Zaman nasu ya bazu zuwa garuruwan kudu, a ran 25 ga Yuli na shekarar kantin ya sallama, a 2010 kuma aka mai da ginin gidan tarihi. Ɗan Afirka da ya shiga asibiti ko kanti a garin nan aka karɓe shi kamar kowa, ya san akwai waɗanda suka sha wuya kafin hakan ta samu, kuma jikokinsu ne maƙwabtansa a unguwannin gabas. Sanin wannan yakan rage raini tsakanin baƙi da 'yan gari, wanda bai amfani kowa ba.

Magana ta ƙarshe ita ce ta takardu. Sojojin Amurka sun fice daga Nijar a 2024, a watan Disamba na 2025 kuma gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta hana 'ya'yansu shiga, ta kuma taƙaita wasu nau'o'in biza ga 'yan Nijeriya. Irin waɗannan dokoki suna sākewa da sauri, saboda haka wanda ke can kada ya ɗauki fatawar majalisar shayi a kan zamansa, kada kuma ya ba wani kuɗi don ya ce ya san hanya. Ya nemi lauya mai lasin, ya riƙa cika takardar harajinsa kafin 15 ga Afrilu, ya adana kowace shaida. Wanda ke gida kuma yana shirin sayar da gona don tafiya, ya fara tabbatar da cewa ƙofar a buɗe take.

Jama'a, idan kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Mutanen Greensboro da suka zauna jiran masaƙa ta dawo sun tsufa suna jira, kamar yadda wasu suka tsufa a Kakuri ta Kaduna. Baƙon da ya zo daga nesa bai kamata ya maimaita wannan ba, tun da kwalejin tana kan titin da yake bi kullum zuwa aiki. Sai mu roƙi Allah Ya ba kowa sa'ar abin da ya fita nema, Ya kuma sada shi da iyalinsa lafiya.